Logo da hotunan jim: ChatGPT, Ideogram, Canva, ko dai a tafi Shomolu?

Masu buɗe wajen motsa jiki sun yi yawa a Legas yanzu, ba manyan jim na Lekki da Ikeja kaɗai ba, har Agege da Idi-Araba da Mile 12 za ka ga matashi ya kama shago guda ya zuba ƙarafuna da benci biyu da tsohuwar tayar tirela ya fara karɓar kuɗin wata. Mata ma ba a bar su a baya ba, wata tana koyar da atisaye ta WhatsApp, wata ta share falonta tana tara matan unguwa da safe bayan an kai yara makaranta. Kuma da zarar mutum ya zaɓi suna tambayarsa ɗaya ce, wane AI ne zai yi min logo da hotunan talla ba sai na biya dizaina ba? Toh gaskiya tambayar ta haɗa aiki biyu ne da ba su da alaƙa sosai, kuma manhajar AI, wato ƙirƙirarriyar basira, da ta iya ɗaya yawanci ba ta iya ɗayan ba.

Hoton talla abu ne na yau, ka sa a status gobe ya wuce, in yatsan mutumin ciki ya ɗan karkace babu wanda zai kai ka kotu. Logo kuwa shi za ka zauna da shi shekaru, zai hau allon ƙofa, zai hau riga da hula da katin memba da rasit da robar ruwa, zai zama ɗan mitsitsin hoton DP ɗinka a WhatsApp da Instagram. Kuma nan ne yawancin AI ɗin suke yaudarar mutum, domin abin da suke ba ka hoton logo ne, ba logon ba. Kamar tela ya miƙo maka hoton babbar riga ya ce ga kayan sallarka. Hoton da ChatGPT ko Meta AI ko Midjourney suke fitarwa ɗigo-ɗigo ne aka jera, PNG ko JPG, a waya yana ƙyalli, amma ka ce a buga shi a bana mai ƙafa goma sai gefensa ya farfashe ya yi dishi-dishi. Abin da mai buga bana da mai ɗinkin hula suke so shi ne bekta, wato zanen da kwamfuta ta riƙe a matsayin layuka, ka ja shi ya kai girman bango ko ka matse shi ya koma girman maɓalli bakinsa yana nan tsaf. SVG kenan, ko fayil ɗin manhajar zane ta CorelDRAW wanda shi kusan duk wani shagon ɗab'i a Shomolu da Mushin yake aiki da shi. Duk wanda bai gane wannan ba zai yi ta ƙona data yana murna, ranar da ya je bugawa a ce masa oga sai an sake zanawa.

Bari in fara da na hannun kowa. Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya tun Afrilun 2024, kyauta ne, ba rajista ba kati, ka rubuta masa kawai ya zana. Don gwada tunani yana da amfani, misali kana so ka ga ko kan zaki da ƙarfen ɗagawa za su zauna tare, ko baƙi da ruwan ɗorawa sun fi ja da fari. Iyakarsa kenan a wajena. Rubutu yana yawan kwaɓe masa, yana manna alamarsa a kusurwa, kuma zanensa yana da wani santsi irin na roba wanda kowa ya riga ya gane daga nesa.

ChatGPT ya fi shi nesa ba kusa ba, musamman tun Maris 2025 da OpenAI suka sa sabon mai zanen hoto a cikinsa, lokacin da kowa ya yi ta mayar da hotonsa katun. Babban abin da ya fi sauran da shi shi ne hira. Ba sai ka iya tsara dogon umarni ba, ka gaya masa jim ne ƙarami a Agege, maza da safe da dare mata da hantsi, ba na son hoton mutum, kala biyu kawai nake so, ya kawo, ka ce cire wancan tauraron ka ƙara wa rubutun kauri, ya gyara. Yana jin Hausa daidai gwargwado, duk da dai in ka bi shi da Turanci ya fi kama abin da kake nufi. Yana iya ba ka hoto marar bango a baya, wanda za ka ɗora kan kowace kala. Matsalarsa, duk gyaran da ka nema sake zana hoton yake gaba ɗaya, sai ka ga ka ce a canza kala kawai amma kunnen zakin ma ya canza, kuma in kuka daɗe kuna gyare-gyare hoton yana ɗaukar wani rawaya-rawaya kamar tsohuwar takarda. Na kyauta hotuna kaɗan yake bari a rana sannan ya ce ka jira, na kuɗin mai suna Plus dala 20 ne a wata. Kuma shi ma ɗigo yake bayarwa, in ka matsa masa ya ba ka SVG zai rubuto maka wani abu, amma yawanci da'ira ce da sanduna kamar zanen ɗan firamare.

In sunan jim ɗin ne zuciyar logon, wato rubutu ne da ɗan ado, to Ideogram nake tura mutane. Kamfani ne na Toronto a Kanada, tsofaffin ma'aikatan Google ne suka kafa shi, ya fito a 2023 lokacin da yawancin AI da ƙyar suke iya rubuta kalma daidai a cikin hoto, kuma da rubutun ya yi suna. Har yanzu in ana maganar haruffa masu kauri irin na wasanni, ko suna a zagaye cikin tambari irin na kulob ɗin ƙwallo, hannunsa ya fi faɗawa. Yana jero maka kala-kala a lokaci guda ka zaɓa. Sai dai a sani, a tsarin kyauta abin da ka zana a bainar jama'a yake, duk mai shiga yana iya gani ya kwafa har da umarnin da ka rubuta. In kana da wani suna da kake ɓoyo kafin ka yi rajista, kar ka fara zuba shi a can.

Akwai kuma wahalar da ta shafe mu mu kaɗai, haruffa masu ƙugiya. Ka sa wa wajenka suna da Ƙ ko Ɗ ko Ɓ, yawancin AI ɗin ko su jefar da ƙugiyar ko su mayar da harafin wani abu daban da ba a taɓa gani ba. Ko a Canva ma ba kowane salon rubutu ne yake da su ba, sai ka ga duk sunan ya fito da kauri amma harafin farko ya fito siriri shi kaɗai domin manhajar ta aro shi daga wani wajen. Noto Sans na Google yana da su duka. Shi ya sa ni shawarata kullum a bar AI ya zana alamar kawai, rubutun a sa shi da hannu daga baya. Wasu dai suna cewa ai Legas ce, rabin kwastomomi Yarbawa ne da Inyamurai, a sa sunan Turanci a huta. Wannan ra'ayin mai kasuwa ne, amma ni ina ganin suna na Hausa gajere mai daɗin faɗa ya fi zama a kai fiye da jim na ɗari da ake kira da sunan ƙarfe ko wuta da Turanci.

Recraft shi ne wanda mutanenmu ba su cika sani ba, kuma a maganar logo shi ya fi kusa da abin da ake nema, domin bekta yake fitarwa kai tsaye, ka sauke SVG ka kai wa mai ɗab'i ya buɗe ya canza kala ya ja girma yadda yake so. Zanensa ma ya fi kama da logo na gaske, shafaffe, ba inuwa ba ƙyalƙyali. Amma a karanta sharaɗinsu, abin da ka yi a tsarin kyauta nasu ne ba naka ba, kuma ba a yarda ka yi kasuwanci da shi ba, sai ka biya. Ga wanda ya tsaya kai da fata sai AI ya yi masa logo, ya biya wata guda ya gama aikinsa ya sauke ya soke, wannan ita ce hanya mafi tsafta. Firefly na Adobe ma yana yin bekta a cikin manhajarsu ta zane Illustrator, kuma Adobe suna alfahari cewa da hotunan da suke da lasisi da waɗanda ba mallakar kowa ba suka horar da shi, don haka hankali ya fi kwanciya ta fannin haƙƙin mallaka. Amma wannan kayan dizaina ne mai laftop, ba na mai jim da waya a hannu ba.

Canva kuwa kowa ya san shi, kamfanin Ostireliya ne tun 2013, kuma in dai fulaya ce ta kullum, jadawalin aji, sanarwar ragin azumi, farashin wata da na wata uku, babu kamarsa. Kana ajiye kalolinka da logonka, kowane mako ka canza rubutu kawai ka watsa. Yana da nasa AI na zana hoto da na goge bango, kuma a 2024 sun sayi Leonardo wanda shi ma mai zana hoto ne. Inda nake taka wa mutane birki shi ne yin logo da samfurin da ke ciki. Wannan damtsen da ka gani ya burge ka, dubban mutane sun gan shi, mai jim a Surulere ya ɗauka, na Fatakwal ya ɗauka, na Indiya ma ya ɗauka. Su kansu Canva sun rubuta cewa ba za ka iya rajistar tambarin kasuwanci da zanukan rumbunsu ba, sai dai haruffa da layuka da siffofi na gama-gari. Sannan sauke SVG da hoto marar bango na masu Pro ne, wato tsarin biyan kuɗi. Af, masu sayar da Pro na ƴan kuɗi kaɗan a status, yawanci cusa ka suke cikin tawagar wani ko asusun makaranta, ranar da aka rufe asusun ko mai shi ya cire ka, aikin da ka tara a ciki yana iya tafiya. Araha ba ta ado.

Looka da ire-irensa zan wuce su da sauri. Ka sa suna, ka zaɓi kala da alama, su jero maka logo da yawa kyauta, sai ka zo saukewa su ce kawo dala. Suna da tsafta, amma alamomin daga rumbu ɗaya suke fitowa, don haka duk kamarsu ɗaya.

Midjourney shi ne sarkin kyau, wannan ba gardama. Haske, gumi a kafaɗa, ƙurar alli tana tashi daga tafin hannu, hoto kamar fostar fim. Ya fito a 2022 ta cikin manhajar hira ta Discord, yanzu yana da shafinsa, sun daina gwajin kyauta tun 2023, mafi araha dala 10 a wata, kuma hotunanka a buɗe suke sai in ka hau babban tsari mai tsada. A logo kuwa ba ya jin magana, ka ce masa abu mai sauƙi sai ya cika shi da ado, rubutu kuma ba fanninsa ba ne. Ga ƙaramin jim ni ban ga dalilin biyansa ba, domin kyan da yake bayarwa shi ne ma matsalar, hoton zai nuna wani waje mai gilashi da fitilu shuɗaye, mutum ya biyo adireshi ya zo ya tarar da fanka biyu da janareto yana ihu a ƙofa. Wanda ya zo da wannan tsammanin ba ya dawowa, alhali da hoton gaskiya ya gani da ya zo da zuciya ɗaya.

Kuma duk waɗannan dalolin sai an yi lissafi. Tun da aka sakar wa kasuwa farashin naira a Yunin 2023 dala 20 ta zama kuɗin da za ka tsaya ka yi tunani, a wasu unguwannin ta fi abin da memba guda yake biya a wata. Ga wahalar kati, shekaru bankuna sun rufe biyan waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da shi da iyaka, da yawa har yanzu da katin dala na manhaja suke biya ana cire musu caji. Wanda ya biya ya tuna ya kashe sabuntawar kai tsaye, in ba haka ba wata na zagayowa za su zare.

Toh sai mutumin Shomolu. Kar a raina shi wai don AI ya zo. Ka shiga layukan nan da injina suke ta ƙara, za ka samu yaro a lungu da tsohuwar kwamfuta da CorelDRAW, hannunsa ɗaya kan linzami ɗaya kan allon rubutu, ka tura masa hoton da ChatGPT ya yi maka, ya zuƙo shi har ɗigon ya fito ɓaro-ɓaro, ya bi gefen zanen da layi yana lanƙwasawa, ya daidaita faifan ƙarfen hagu da na dama da AI ya yi ɗaya ya fi ɗaya, ya goge ƙananan gashin zakin ya ce maka oga wannan ba zai fito a hula ba zare zai cushe. Wannan maganar ta ƙarshe babu AI ɗin da zai gaya maka ita, domin bai taɓa tsayawa gaban injin ɗinki ba. Shi ne kuma zai gaya maka koren nan mai ƙyalli da kake gani a waya tawada ba ta iya fitar da shi, allo da haske yake haɗa kala, inji kuma da tawada huɗu, in aka buga zai dusashe. Ka nemi ya buga maka ɗan ƙarami ka gani da idonka kafin a buga babban. A da matsalar aiki da su ita ce bayani, ka ce ina son abu mai ƙarfi amma mai sauƙi, ya yi maka wani abu, ka ce ba haka ba, ku yi ta jan rai. Yanzu da hoto a hannu kake zuwa, aikin ya ragu, cinikin ma ya fi sauƙi. Ka tabbata dai da hannu ya bi zanen, domin akwai masu danna maɓallin bin sawu na atomatik su miƙo maka, in ka zuƙo sai ka ga layin yana rawa.

Kafin ka biya kowa, gwada logon da kanka. Ka sa shi a DP ka ajiye wayar a tebur ka ja baya, ana gane shi? Ka mayar da shi baƙi zalla ba kala, yana nan? In a'a to ado ya yi yawa. Allon jim daga tagar danfo ake karanta shi ana cikin gosulo, ba a tsaye da tabarau ba. Kuma ka yi tunani kan sa surar mutum a logo, ban da cewa damtse da ƙirji sun zama gama-gari, a cikin jama'armu akwai wanda ba zai sa riga mai hoton mutum ko dabba ya shiga masallaci da ita ba, kai kuma so kake rigar ta yi yawo ko'ina tana yi maka talla. Harafi guda da aka sarrafa da kyau, ko ƙarfe da suna, ya fi shiga ko'ina.

Yanzu hotunan mutane, nan ne abin dariya yake. In ba ka fayyace ba, ka ce a zana mai motsa jiki, Bature za a ba ka. Ka ce baƙar fata, a ba ka ɗan Amurka mai zane a hannu da jiki irin na masu gasar duniya, tsoka kan tsoka har wuya ya ɓace. Alhajin da likita ya ce ya rage tumbi saboda hawan jini ko suga, wanda shi ne mai biyan kuɗin wata uku a dunƙule, in ya ga wannan sai ya ce wajen nan ba nawa ba ne. Sai ka zauna ka rubuta dalla-dalla, ɗan Najeriya, shekara arba'in da wani abu, jiki irin na kowa, riga mai hannu da dogon wando. Yatsu sun gyaru sosai a sababbin manhajojin, amma kayan aiki har yanzu sai an duba, sandar ƙarfe ta ratsa ta cikin wuyan hannu, faifai uku a dama biyu a hagu, igiyar inji da ba ta haɗe da komai ba, mutum yana tsugune da kaya a wuya bayansa a lanƙwashe yadda in memba ya kwaikwaya sai asibitin ƙashi na Igbobi. Wanda ya san ƙarfe kallo ɗaya zai yi ya gane, kuma su ne masu surutu a unguwa.

Ka gwada ce masa ya zana ɗan dambe ka sha kallo. Safar boksin zai sa masa hannu biyu ya tsayar da shi cikin zoben igiya. Bai san hannu ɗaya ake naɗewa da zare ya zama mashi ba, ɗayan a buɗe a miƙe gaba shi ne garkuwa, bai san tsayuwar ba, ƙafa a ware jiki a karkace, balle makaɗa da ƴan kallo a zagaye kan yashi. Ko ka yi masa bayani sai ya naɗe duka biyun da bandeji fari. Wanda yake son wannan hoton gara ya je inda ake dambe ya nemi izini ya ɗauka da waya. Haka matan da suke koyar da mata, ƴar uwa in kika ce mace tana atisaye kayan da zai sa mata ba za ki iya sawa a status ba, in kika ce mai hijabi sai ya kawo Balarabiya ko ƴar Malesiya. Sai kin ce baƙar fata ƴar Afirka ta Yamma, riga mai faɗi har gwiwa, wando sakakke. A nan ChatGPT da Gemini, wato AI ɗin Google, sun fi sauran jin gyara. Da yawa ma sun gane cewa hoton tabarmar atisaye da ƙananan ƙarafuna da robar ruwa, da rubutu babba cewa mata zalla kuma mace ce mai koyarwa, ya fi jawo musu mutane, domin abin da maigida zai tambaya kenan kafin ya bari.

Shi ya sa a fannin hoto na fi karkata ga Gemini na Google, ba don ya ƙirƙiro ba, don ya gyara na gaske. Tun Agustan 2025 da suka saki mai gyaran hoton da ake kira Nano Banana a cikinsa, ka ɗauki hoton wajenka da safe lokacin da haske yake shigowa, ka goge gilashin kyamara da gefen riga, ka ba shi ka ce ya cire bokitin da ke kusurwa da wayar wutar da ta rataye, ya ƙara haske, kuma yana ƙoƙarin barin fuskar mutum yadda take fiye da yadda ChatGPT yake yi. Wajenka ne dai, an share shi kawai. Yana sa ƴar alama a kusurwa da wata ɓoyayya a cikin hoton mai nuna AI ya taɓa shi. Amma dan Allah kar a yi hoton da da yanzu na ƙarya. Abu ne mai sauƙi ka ce ya zaftare wa mutum tumbi ka rubuta wata biyu, kuma ha'inci ne tsagwaronsa, mutum zai biya kuɗinsa ya yi wata biyun bai ga komai ba. Sannan hoton memba ba naka ba ne, kafin ka loda fuskar wani cikin AI ko ka sa a talla ka tambaye shi, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ko ba doka ma mutunci ya isa. Haka ɗora fuskar Anthony Joshua ko Israel Adesanya a bana kamar a wajenka suke atisaye, ko Hulk, koren ƙaton nan na fim, da masu jim suke mutuwar so. Disney da Universal sun maka Midjourney kanta a kotu a Yunin 2025 kan irin waɗannan surorin. Kuma hukumar kula da tallace-tallace ARCON ta hana amfani da ƴan ƙasar waje a tallan da ake yi wa ƴan Najeriya tun Oktoban 2022, wani dalilin kenan na barin Baturen AI.

Maganar mallaka kuma, a Amurka ofishin haƙƙin mallaka da kotuna sun tsaya kan cewa abin da inji ya zana shi kaɗai ba sa hannun ɗan Adam ba shi da kariya. Ma'ana in logonka AI zalla ne, wani ya kwafa, hujjarka ba ta da ƙarfi kamar wanda aka zana aka gyara da hannu. Rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban take da rajistar tambari, ita ana yin ta ne a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci a Abuja, a rabe-raben rajistar jim yana aji na 41, in za ka sayar da riguna da sunanka aji na 25. Ƙaramin waje ba lallai ya fara da wannan ba, amma mai burin buɗe reshe ya sa a rai. Kuma ka jefa logon a Google Lens, mai bincike da hoto, ka ga ko ya yi kama da na wani, AI ba ya jin kunyar kawo maka abin da ya yi kusa da na wani kamfani.

Don haka in kai mai shago guda ne da waya kawai, ka yi wasa da ChatGPT na kyauta da Ideogram har ka samu siffar da ta kwanta maka, ka kai Shomolu ko wajen duk wani dizaina da ka yarda da shi a zana maka bekta a sa rubutu da hannu, fulayar kullum Canva na kyauta ya ishe ka, hotuna kuma naka na gaske Gemini ya share. Ko sisin dala ba ka kashe ba. In ke mai koyarwa ce ta intanet ba allo ba riga, Ideogram da Canva sun wadatar, bektan ya jira sai ranar da za ki buga wani abu. In kuma waje ne babba mai injinan gudu da na'urar sanyaya ɗaki da shirin reshe na biyu, ka ɗauki ƙwararren dizaina tun farko da mai ɗaukar hoto na yini guda, AI ya tsaya a nuna musu abin da kake so. Recraft na wanda ya iya kwamfuta ne kuma ba ya son bin kowa.

Ranar karɓar aiki kar ka yarda a turo maka hoto ɗaya ta WhatsApp a ce an gama, WhatsApp matse hoto yake sai in an turo shi a matsayin fayil. Ka karɓi na CorelDRAW ɗin kansa, da PDF ko SVG, da PNG marar bango, mai kala da baƙi zalla da fari zalla, ka ce ya mayar da rubutun zane domin in aka buɗe a wata kwamfutar da ba ta da irin haruffan kar su canza, ya rubuta maka lambobin kalolin. Ka tura wa kanka duka a imel, domin waya tana faɗawa ruwa kuma yaron shagon yana iya komawa wani layin kafin ka tashi buga riguna.